Daga Azumi Zuwa Walima: Tarihin Kalacin Hantsi na Ranar Ista

A ranar Lahadin Ista, da misalin ƙarfe 11 na safe, gidaje da yawa a Amurka sukan cika da baƙi. An sauko daga coci, yara sun sha sababbin kaya, uwargida ta jera abinci a dogon teburi, kowa na ɗaukar faranti yana zuba wa kansa. Ga dafaffen ƙwai da aka rina ɓawonsa ja da shuɗi da rawaya, ga gasasshiyar cinyar alade ko ta ɗan rago, ga burodi mai zaƙi, ga ruwan lemo da gahawa. Lokacin karin kumallo ya wuce, na abincin rana bai yi ba, shi ya sa Turawa suka yanko kan sunan wancan suka haɗa da wutsiyar sunan wannan, suka raɗa masa brunch. Da Hausa sai mu ce kalacin hantsi. Mai kallo daga nesa zai ɗauka sha'ani ne na 'yan hutu da suka sha barci har rana ta ɗaga. Amma idan aka bi salsalar abin, yunwa ce ta haife shi, kuma kusan duk abin da ke kan teburin nan akwai dalilin da ya kai shi.

Rana da yanayi

Ista biki ne da Kiristoci ke tunawa da tashin Yesu Almasihu daga matattu, bisa ga imaninsu. A farkon zamani coci-coci sun yi ta saɓani kan ranar yin sa, har taron manyan limamai da aka yi a Nikiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, a shekarar 325, ya nemi a haɗa kai a kan rana guda. Daga baya aka tsaya a kan Lahadin farko bayan cikar wata da ta zo a ranar 21 ga Maris ko bayanta. Saboda haka a coci-cocin Yamma ranar takan faɗo ne tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu.

A nan gida wannan tsakiyar bazara ce, rana na dukan tsakar ka, ana neman inuwa da ruwan randa. A Turai kuwa lokacin ne hunturu ke tattara komatsansa. Ƙanƙara na narkewa, ciyawa na tsirowa, tumaki na haihuwa, kaji kuma da suka rage ƙwai saboda gajartar yini sun dawo da shi ka'in da na'in. Sai dai ga manomin Turai na da, lokacin ne kuma rumbu ke yin ƙasa, domin abin da aka ajiye tun kaka ya kusa ƙarewa, sabon amfani bai nuna ba.

A daidai wannan tsakani cocin ya ɗora azumin kwana 40 da ake kira Lent, wanda ke farawa daga Larabar Toka. Ba irin azumin Ramadan ba ne. A Turai ta tsakiyar zamani ana cin abinci sau ɗaya ne a yini, kuma an haramta nama da ƙwai da madara da man shanu da cuku har sai Ista ta zo. Ita kuwa kaza ba ruwanta da azumi. Kullum tana saka ƙwai, masu gida na dafawa suna adanawa don kada ya lalace. Kafin mako shida su cika, ƙwai ya taru jingim, ran Ista kuma sai a far masa, a yi kyauta da shi, a biya haƙƙin mai gona da shi. Talakawa sukan rina shi da ɓawon albasa. Masu mulki kuwa nasu daban: littafin kashe kuɗin fadar Sarki Edward na Ɗaya na Ingila, wanda ya yi mulki daga 1272 zuwa 1307, ya nuna an sayi ƙwai 450 domin a rina wasu, a lulluɓe wasu da ruwan zinariya, a raba wa mutanen fada.

Nama ma haka labarinsa yake. Manoman arewacin Turai sukan yanka aladunsu a ƙarshen kaka, tunda ba abin ciyar da su cikin sanyi. Sai a cuɗe cinyoyin da gishiri, a banda su da hayaƙi, a rataye. Watannin da naman ke bukata kafin ya tsumu sukan ƙare ne dab da Ista. Shi kuwa ɗan rago ya fi tsufa a teburin, domin asalinsa daga Idin Ƙetarewa na Yahudawa ne, kuma Kiristoci na kiran Almasihu Ɗan Rago na Allah. Har yau a Girka da Italiya rago ne naman Ista.

Me ya sa sai da hantsi?

Azumin ya bayyana abin da ake ci, amma wata doka ce daban ta tsaida lokacin cin. Ɗaruruwan shekaru ɗan Katolika da ke son karɓar Jibin Ubangiji ba ya sa komai a baki, ko da ruwa ne, tun daga tsakar dare. Idan aka haɗa da doguwar sujadar Ista da tafiyar ƙasa zuwa gida, ba a zama cin abinci sai rana ta ɗaga sosai, ga cikin da ya yi mako shida yana marmarin maiƙo. Duk wanda ya san yadda tuwon Salla ke shiga bayan an sauko daga idi ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A ƙasar Foland al'adar ta ginu ƙwarai. Ran Asabar ɗin jajibiri kowane gida kan shirya kwando da ƙwai da burodi da gishiri da tsiran alade da ɗan rago da aka sassaƙa da man shanu ko sukari, a kai coci limami ya sa albarka. Washegari bayan sujada iyali su zauna, a fara da yanka ƙwan nan a rarraba, kowa na yi wa ɗan'uwansa fatan alheri. 'Yan ci-ranin Foland da suka kwarara biranen Chicago da Buffalo daga ƙarshen ƙarni na 19 sun tafi da kwandonsu. Mabiya ɗariƙar Morabiya kuma suka fito da sujadar fitowar rana a garin Herrnhut na Jamus a 1732, suka kai ta Salem a jihar North Carolina a 1772, kuma coci-cocin Amurka da dama da suka ara sukan biyo ta da karin kumallo na jama'a.

Ba nan da nan Amurka ta karɓi bikin ba. Turawan Furitan da suka kafa yankin New England ba su yarda da Ista ba, suna ganin ta bidi'ar Katolika ce. Sai bayan yaƙin basasar 1861 zuwa 1865 bikin ya bazu. A shekarun 1870 attajiran New York suka fara jerin gwanon nuna sababbin tufafi a titin Fifth Avenue bayan an tashi coci, a 1878 kuma Shugaba Rutherford Hayes ya buɗe filin fadar White House ga yara su yi wasan mirgina ƙwai ran Litinin ɗin Ista, abin da ake yi har gobe. Tatsuniyar zomon da ke ɓoye wa yara ƙwai a lambu ta Jamusawa ce. Wani likita mai suna Georg Franck von Franckenau ya ambace ta a rubuce a 1682, kuma Jamusawan da suka zauna a Pennsylvania a ƙarni na 18 ne suka ƙetara teku da ita. Ƙwan cakulan ya biyo baya daga Ingila, kamfanin Fry a 1873, Cadbury a 1875.

Sunan da ya zo a makare

Duk wannan ana yi ne ba tare da suna ba. Sunan ya fito a Ingila a 1895, lokacin da wani marubuci, Guy Beringer, ya wallafa maƙala a mujallar Hunter's Weekly yana roƙon a sauya tsarin cin abincin Lahadi. Abin dariya, ba ruwan hujjarsa da ibada. Shi dai tausayin 'yan shagalin daren Asabar yake ji, waɗanda ake tasa da sassafe sannan a ɗora musu nannauyan abinci da rana. Ya ce a bar su su yi barci, a haɗa abincin biyu wajen tsakar rana, a fara da shayi da abu mara nauyi kafin a kai ga nama, a ci ana hira. A 1896 mujallar barkwanci ta Punch ta ɗauki kalmar ta ƙara yayata ta. Dama manyan Ingila na da al'adar shimfiɗa lafiyayyen kalaci a ranar farautar yanyawa, don haka shawarar ba ta zo musu a baƙuwa ba.

Amurka ce ta mai da abin sana'a. A New Orleans wata Bajamushiya da aka sani da Madam Begue takan dafa wa mahautan kasuwar Faransawa abinci da ƙarfe 11, tunda tun asuba suke bakin aiki. Da aka yi babban baje kolin auduga a birnin a 1884, baƙi suka gano wurin, abincin mahauta ya zama na 'yan yawon buɗe ido. A New York aka fito da haɗin da ake kira Eggs Benedict, wato ƙwai da aka dafa cikin ruwa ba ɓawo, a ɗora kan burodi da nama a kwarara miyar man shanu. Gidan abinci na Delmonico's da otal ɗin Waldorf kowa na cewa nasa ne, kuma duka labaran biyu na komawa ne ga ƙarni na 19. A shekarun 1930 kuma taurarin fim da ke ratsa ƙasar a jirgin ƙasa tsakanin New York da Los Angeles sukan yada zango a Chicago su canza jirgi, su ci abincin hantsi a manyan otal-otal, musamman ɗakin Pump Room na otal ɗin Ambassador da aka buɗe a 1938. 'Yan jarida na ɗaukar hoto, jama'a na kwaikwayo. Ɗage haramcin giya a 1933 ya ƙara wa abin kasuwa, domin ya ba masu sha damar fakewa da ruwan lemo ko na tumatir su sha da safe ba kunya.

Komawa cikin gida

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kalacin ya dawo inda ya fito. Iyalai sun ƙaura zuwa sababbin unguwannin bayan gari, 'yan aikin gida sun yi wuya, matan aure da yawa sun shiga aikin albashi, kuma babu mai son ya kwana a murhu ranar hutu ɗaya tilo. Kalacin hantsi ya dace da wannan hali, girki ɗaya a madadin biyu, ba kuma sai an bi kowa da faranti ba. Firji ya shiga kusan kowane gida, don haka uwargida na iya jera burodi da cuku da ƙwai a kasko tun daren Asabar, da safe ta tura tanda kafin a fita coci. Ruwan lemo daskararre ya shigo kasuwa a tsakiyar shekarun 1940. A 1957 Harry Hoenselaar ya buɗe shagon HoneyBaked a Detroit, yana sayar da gasasshiyar cinya da injinsa ya riga ya yayyanka, abin da ya rage wa mai gida aiki sai ɗumamawa. Rago kuwa ya yi baya a Amurka, domin zaren roba ya karya kasuwar ulu, garken tumaki ya ragu, namansu ya yi tsada.

A cikin waɗannan shekarun ne kuma dokokin da suka haifi al'adar suka sassauta. Fafaroma Pius na 12 ya halatta shan ruwa kafin Jibi a 1953, ya rage kamun bakin zuwa awa uku a 1957. Fafaroma Paul na Shida ya mai da shi awa ɗaya a 1964, a 1966 kuma ya sauƙaƙa azumin Lent, har wajibin azumi ya tsaya ga Larabar Toka da Juma'ar da ta gabaci Ista, sai ƙaurace wa nama a ranakun Juma'a. Yunwar ta tafi, amma teburin bai tashi ba. Har ma ya samu ƙanwa, domin Ranar Iyaye Mata, wadda Shugaba Woodrow Wilson ya tabbatar a 1914 a Lahadi ta biyu ta watan Mayu, ita ma da kalacin hantsi aka fi raya ta, a gida ko a gidan abinci.

A yau mai masaukin baƙi a Amurka yakan raba aikin, wannan ta kawo kek, wancan ya kawo 'ya'yan itace, wani ya ɓoye wa yara ƙwai a tsakar gida. Da yawa daga cikin masu zama teburin ba su yi azumin ko yini ɗaya ba, wasu ma ba su leƙa coci ba. Duk da haka al'adar ta nuna tana da saiwa. A Istar 2020, wadda ta faɗo ran 12 ga Afrilu, annobar korona ta rufe coci-coci da gidajen abinci, iyalai suka dafa a gida suna gaisawa ta bidiyo. A 2025 murar tsuntsaye ta hallaka miliyoyin kaji, farashin dozin ɗin ƙwai ya haura dala shida a watan Maris, abin da ba a taɓa gani ba, har wasu suka koma rina dankali don yara. Ƙwan da ya hau teburin Ista saboda ya yi wa manomi yawa ya rasa yadda zai yi da shi, a wannan shekarar shi ne aka riƙa ƙirgawa ɗai-ɗai kafin a fasa.