Tarihin Jidda, Ƙofar Makka: Yadda Aka Zaɓi Wurin, Da Abin Da Zaɓin Ya Jawo

 Ya ku dattawanmu da samarinmu na Zongo, a wannan fitowa muna so mu ɗan tsakuro muku tarihin birnin Jidda. Babu gida a cikinmu da ba a san sunan garin nan ba, gama galibin alhazanmu in sun komo, da shi suke fara ba da labari. Amma kaɗan ne ke tambaya, shin me ya sa aka kafa ƙofar Makka a nan? Wa ya zaɓi wurin, kuma me ya duba? Tambayar nan tana da amfani gare mu, domin mu ma kullum cikin shawara muke a kan inda za a kafa makaranta, ko injin niƙa, ko ɗakin shan magani, ko rumfar sana'a.

Ku sani a zamanin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, mashigar jiragen mutanen Makka ita ce Shu'aiba, wani wuri a gaɓar Bahar Maliya, kudu da Jidda. Malaman sira sun ruwaito cewa daga nan ne sahabban da suka yi hijira ta farko zuwa Habasha suka shiga jirgi. Jidda a lokacin ƙaramin mazaunin masunta ce. Sai a shekara ta 26 bayan Hijira, wajen 647 ta Masihiyya, mutanen Makka suka roƙi Halifa Sayyidina Usmanu ɗan Affana ya mayar musu da tashar zuwa Jidda, don ta fi kusa da su, ta kuma fi yalwa. Ya amsa musu. Tsakanin Jidda da Makka wajen mil 45 ne, watau zango biyu na raƙumi, ana yada zango a Bahra ko a Hadda.

To, ga abin mamaki. In aka auna Jidda da ma'aunin manomi ko na makiyayi, ba wanda zai ce a zauna. Ba ta da kogi, ba ta da idon ruwa mai daɗi, sai tafkunan gini da ake tara ruwan sama, shi kuwa ruwan saman sai a shekara bai sauka ba face sau ɗaya ko sau biyu. Wani matafiyi Bafarishe, Nasiru Khusrau, da ya ratsa ta a 1050, ya ba da labarin cewa bai ga itace ko shuka a cikinta ba, abinci daga ƙauyuka ake kawowa. Ko ta fuskar teku ma ba lafiya lau ba ce, gama gabanta cike yake da duwatsun murjani da ke ɓoye ƙarƙashin ruwa, hanya ɗaya siririya ce ta karkace tsakaninsu. Ibn Jubairu mutumin Andalus, da ya sauka a 1183, ya yi ta mamakin gwanintar matuƙan da ke ratsa su. Duk da haka aka zauna, saboda dalili guda ya rinjayi aibobin nan duka: masu bukata suna kusa. Makka kwari ce da ba a noma a cikinta, hatsinta daga Masar yake zuwa ta teku, baƙinta kuwa daga kowace kusurwa ta duniya.

Akwai dalili na biyu, wanda 'yan kasuwa suka gano daga baya. A arewacin Bahar Maliya iska daga arewa take busowa kusan shekara duka. Saboda haka manyan jiragen filafilai masu tasowa daga Hindu da barkono da kanumfari da tufafi, in sun kai daidai Jidda sai tafiya ta yi musu wuya. Nan suke sauke kaya, a zuba a ƙananan jirage zuwa Masar. Wajen 1425, a zamanin Sarkin Masar Barsbai, jiragen Hindu suka soma ƙetare Adan saboda zaluncin masu karɓar kuɗin fito, suka riƙa zuwa Jidda kai tsaye. Garin ya cika da dukiya. Ku lura, ya ku samari, Adan ba ta gusa daga wurinta ba, kuma tasharta ba ta lalace ba. Kwaɗayin ma'aikatanta ne ya kore mata baƙi.

Inda dukiya ta taru, ido yakan biyo. Da Turawan Fotugal suka gewayo Afirka suka shigo tekun Hindu, sai Sarki Ƙansuwa Alguri na Masar ya aiko da Husaini Alkurdi ya gina wa Jidda ganuwa, wajen 1509. A 1517 jiragen Fotugal suka iso gabanta. Sai ga duwatsun nan da matuƙa ke kuka da su sun zama garkuwa, domin babu jirgin da zai bi karkatacciyar hanyar nan igwa tana jiransa. Suka juya ba su sauka ba. Wani hani ga Allah baiwa ne.

Da aka buɗe hanyar ruwa ta Suwais a 1869, jiragen wuta suka yawaita, alhazai suka ninka, ƙishirwa ma ta ninka. A 1907 Turkawa suka kafa wani inji a bakin teku wanda mutanen garin ke kira Kindasa. Ana dafa ruwan gishiri da gawayin ƙasa, a tare tururin, ya huce ya zama ruwan sha. Ruwan kaɗan ne, ga tsada, talaka sai dai ya sha na tafki. Sarki Abdul'aziz ya karɓi garin a ƙarshen 1925, ya ƙaro injuna, amma ba a sami sa'ida ba sai a 1947, sa'ad da aka jawo ruwa a bututu daga Wadi Faɗima, aka sa masa suna Ainul Aziziyya. A shekarar nan kuma aka rushe ganuwar. Muddin ruwa na ƙaranci garin yana tsuke cikin ganuwarsa, ran da ruwa ya iso sai ya bazu. Yau mutanensa sun haura miliyan 3.

A nan ya kamata mu tuna da kakanninmu. Tun kafin jirgin sama, Hausawa da Barebari da Fulani da Zabarmawa suna tafiya da ƙafa ta Borno da Wadai da Darfur, wani ya shekara biyar a hanya yana noma yana ƙwadago, har ya kai Sawakin a gaɓar Sudan, ya ƙetaro zuwa Jidda. Larabawa suna kiransu Takari. Waɗanda guzuri ya ƙare musu sai suka kafa bukkoki a bayan ganuwa, suna dako, suna jan ruwa, suna wanki. Watau zongo suka kafa irin namu, kusa da aiki, a filin da ba mai so. Ita kuwa Sawakin, da manyan jirage suka kasa ratsa duwatsunta, Ingilishi suka gina sabuwar tasha a Bur Sudan, aka buɗe ta a 1909, fatake suka tashi, benayenta suka zube. Aibinta ɗaya da na Jidda, sai dai ita ba ta da Makka a bayanta.

Yanzu sai mu zo ga zamanin ma'aikatu. An sami man fetur a Saudiyya a 1938, can gabas wajen Dammam, nesa da Jidda ƙwarai. Amma da yake Jidda ce ke da tasha da 'yan kasuwa da masu saye, a kudancinta aka kafa ma'aikatar ƙarfe da matatar mai a ƙarshen shekarun 1960, sa'an nan aka keɓe fili na musamman don masana'antu. Leburori suka bi aiki, har wata unguwa ta ɗauki sunan Petromin, hukumar da ke da matatar. Ba a daɗe ba gidaje suka kewaye ma'aikatu, hayaƙi yana shiga ɗakunan mutane, ba kuma filin ƙari. Don haka da hukuma ta tashi gina manyan ma'aikatu a 1975, sai ta zaɓi Jubail a gabas, da Yanbu a arewa da Jidda, inda teku ke da zurfi, fili kuwa ba iyaka. Aka shimfiɗo bututu mai tsawon kilomita 1,200 daga gabas zuwa Yanbu, aka gama a 1981, don a riƙa loda mai a Bahar Maliya ba tare da an bi mashigar Hurmuz ba. Matatar Jidda kuwa aka rufe ta a 2017.

Haka aka yi da sauran abubuwa. Tsohon filin jirgin sama na Kandara gari ya haɗiye shi, sai aka buɗe sabo a arewa a 1981, da babbar rumfar alhazai mai rufi kamar tantuna. Ofisoshin jakadu da suka daɗe a Jidda suka koma Riyad a shekarun 1980, domin jakada kusa da sarki yake zama. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne labarin Shu'aiba. Wurin nan da aka bari tun zamanin Sayyidina Usmanu, a ƙarshen shekarun 1980 aka koma masa, aka gina manyan injunan tace ruwan teku da na lantarki, har ga shi yana shayar da Makka da Jidda da Ɗa'ifa. Kufai ne mai yalwar gaɓa, abin da injin ruwa ke bukata ke nan. Amma hidimar alhazai ba ta bar Jidda ba, domin dalilin da aka kafa ta dominsa yana nan daram.

Saura ɓangare mai ɗaci. Da gari ya bazu da gaggawa, talakawa da yawa suka yi gini a cikin kwazazzabai, hanyoyin da ruwa ke bi daga duwatsun gabas zuwa teku, suna ganin ai ƙasar ba ta ruwa ba ce. Ranar 25 ga Nuwamba 2009, daidai da takwas ga Zulhajji, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya biyo tsohuwar hanyarsa, fiye da mutum 100 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Daga 2021 zuwa 2022 kuma hukuma ta rushe tsofaffin unguwanni masu yawa, har da Karantina da Gulail da Petromin da Nuzla Yamaniyya, inda jikokin Takari da yawa suka zauna shekara da shekaru. An yi alkawarin diyya ga masu takardar fili, amma baƙo ɗan haya sai ya ɗaure kayansa.

Dattawanmu ba sai an fassara musu wannan ba. Sun ji daga iyayensu yadda Salaga ta cika ta batse da cinikin goro, da yadda yaƙin 1892 ya watsa ta, fatake da malamai suka tashi, har Alhaji Umaru ya koma Karaci. Zongo ɗan hanya ne, in hanya ta kauce sai ya yi maraici.

Saboda haka muna roƙon shugabannin ƙungiya da samarinmu masu sana'a, kafin a aza tubali a ko'ina a zauna a yi tambayoyin da tarihin Jidda ya koya mana. Wa za a yi wa hidimar, kuma ina yake zaune? Makaranta da ɗakin magani da injin niƙa su matso kusa da jama'a, ko da filin ya yi tsada, kamar yadda Sayyidina Usmanu ya yi. Majema da maƙera da masu gyaran mota, masu hayaƙi da ƙara da bukatar fili, su ja baya tun gari bai cim musu ba. A tambayi tsofaffin wurin ta ina ruwa ke bi in damina ta yi ƙarfi, a kuma tambayi inda za a sami na sha. Sa'an nan kada a gina ko ɗaki guda sai takardar fili ta shigo hannu, da sunan ƙungiya, da shaidu. Araha ba ta ado, filin da aka ba ka a banza ka bincika abin da ya hana wasu ɗaukarsa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka kwanta a kan hanyar Makka, Ya kai waɗanda ba su je ba, Ya sa mu dace da shawara tagari.