Gidan Byrd na Virginia: Kaka Ya Tara, Jika Ya Watsar

A bakin Kogin James, a jihar Virginia ta Amurka, akwai wani tsohon gandu mai suna Westover. A nan zuri'ar Byrd ta sha sharafinta, zamanin da yankin yake hannun Ingila.

Kakan gidan, William Byrd na farko, ɗan maƙerin zinariya ne daga Landan. Ya gaji filayen kawunsa, Thomas Stegge, ya kama fataucin fatu da 'yan asalin ƙasar, ya haɗa da noman taba da cinikin bayi. Ya rasu a 1704, ya bar wa ɗansa eka kusan 26,000.

Ɗan nasa, William Byrd na biyu, an haife shi a 1674, ya yi karatun shari'a a Landan. Ya gaji muƙamin mahaifinsa na mai karɓar haraji, ya shiga majalisar gwamna a 1709. Yana cikin jagororin da suka shata iyakar Virginia da North Carolina a 1728, kuma a kan filinsa aka zana garin Richmond a 1737.

Sai dai kwaɗayin ƙasa ya jefa shi cikin rigima. A 1710 mutanen tsibirin Antigua suka yi bore, suka kashe surukinsa, Gwamna Daniel Parke. Don filayen mamacin su zama nasa, Byrd ya amince ya ɗauki bashinsa, bai san zurfin ramin ba. Ya shafe shekaru yana biya.

Halinsa na cikin gida kuwa, shi ya tona kansa. Yakan rubuta al'amuran kowace rana da wani gajeren rubutu na sirri, wanda aka warware aka buga a 1941. A ciki yana faɗin yadda yake sammako ya karanta Ibrananci da Girkanci, sannan ba tare da wani sauyin murya ba ya ambaci bawan da ya sa aka zane a ranar.

Ya mutu a 1744 da eka wajen 179,000 da littattafai dubbai. Magajinsa, William Byrd na uku, ya afka wa caca da tseren dawaki har bashi ya yi masa katutu. Ya kashe kansa a farkon 1777, matarsa Mary ta sayar da littattafan gidan don a rage bashin.