Minti Na 33: Ranar Da Wasa Ya Juya A Bloemfontein

Duk mai kallon tamaula ya san akwai wani ɗan lokaci a cikin wasa wanda idan ya zo, sai ka ga wanda ke sama ya koma ƙasa, alhali fili bai sake ba, ƙwallon ma ita ce dai. Mu a nan Makoda mun ga irin wannan lokaci ranar Alhamis 17 ga Yuni, 2010, muna cunkushe a gidan kallo, wasunmu ma daga gona suka zo da ƙasa a ƙafa, domin lokacin damina ta kankama.

Nijeriya ce ke karawa da Girka a gasar cin kofin duniya, a birnin Bloemfontein na Afirka ta Kudu. A minti na 16 Kalu Uche ya buga bugun tazara, ƙwallo ta ratsa 'yan wasa ta faɗa raga. Girka kuwa, mai karatu ya sani, ba ta taɓa jefa ko ƙwallo ɗaya a tarihin wannan gasa ba kafin ranar. Wasa yana hannunmu. Sai a minti na 33, ƙwallo ma ta riga ta fita waje, Sani Kaita, ɗan Kano kuma tsohon ɗan wasan Kano Pillars, ya ɗaga ƙafa ya kai wa Vasilis Torosidis shuri. Alƙalin wasa ya zaro jan kati. Kaita ya fita ya lulluɓe kansa da riga, gidan kallo ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke.

Abin da ya biyo baya shi ne ba a cika faɗa ba. Kocin Girka, Otto Rehhagel, bai tsaya wata-wata ba, ya cire mai tsaron baya ya sa ɗan gaba, wato Samaras. Tun da mun koma mutum goma, sai kowa ya ja da baya yana tare gida, hari ya yi ta zuwa. A minti na 44 Salpingidis ya buga, ƙwallo ta taɓa Lukman Haruna ta sauya hanya ta shige. A minti na 71 ƙwallo ta kuɓuce wa Vincent Enyeama, wanda ya yi ta ceton mu tun farkon gasar, Torosidis ɗin nan dai ya ƙarasa ta. Aka tashi 2 da 1.

To, a nan muke da ja da yadda aka rubuta tarihin wannan rana. An ɗora komai a kan mutum ɗaya, har aka yi ta aika masa da barazanar kisa. Ba mu wanke shi ba, ya yi kuskure, ya kuma nemi afuwa. Amma jan kati ƙofa kawai ya buɗe; canjin da Rehhagel ya yi, da ja da bayan da muka yi, da raunin da ya fitar da Taye Taiwo, su suka shigo da Girka cikin ɗaki. Bayan kwana biyar kuma a Durban, Yakubu Aiyegbeni ya zubar da ƙwallo a gaban raga ba kowa, aka tashi 2 da 2 da Koriya ta Kudu. Da an ci wannan wasa, da Nijeriya ta haye, da ƙila minti na 33 bai zama tarihi ba.

Haka ɗalibanmu ke yi a darasin tarihi, su nemi rana ɗaya da mutum ɗaya su rataya musu faɗuwar daula guda. Marubutanmu ma ba su tsira ba.

Sa'ad da abin ya yi mana daɗi ma haka muke yi. A wasannin Olamfik na Atlanta, ranar 31 ga Yuli, 1996, Brazil na gaba da mu da ci 3 da 1, saura minti 12 a tashi. Kowa yana tuna Nwankwo Kanu, da ya farke a minti na 90 ya kuma ci ta zinare a ƙarin lokaci. Amma ƙwallon da ta sa ƙafafun Brazil suka fara rawa ita ce ta minti na 78, kuma Victor Ikpeba ne ya ci ta, wanda daga benci aka shigo da shi.