Majami'ar Fatima ta Sabon Garin Kano

Wanda duk ya taso daga Rano ko Kibiya da asubahin Lahadi, ya ratsa birnin Kano har Sabon Gari, lalle zai ga mata cikin atamfa iri ɗaya, carbi a hannu, suna tururuwa zuwa babbar majami'ar Katolika, wadda in aka bi salsalarta, jirgin ƙasa ne sanadin kafuwarta. Domin kuwa tun da dogo ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari a 1913 don saukar baƙi, sai akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu suka yi ta zuwa, kowa da addininsa. Da yake kuma Turawa sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa sha'anin Musulunci ba, limaman Katolika na ƙungiyar SMA ba su sami iznin wa'azi cikin ganuwa ba, sai suka zauna wajen baƙin nan, suka gina ƙaramin ɗakin ibada cikin shekarun 1920. A 1948 matan ƙungiyar St Louis suka zo daga Ailan suka buɗe makaranta.

Sunan Fatima da aka sa wa majami'ar yakan ba Bahaushe mamaki. Alhali kuwa sunan wani gari ne a Fotugal, wanda aka ce tun zamanin Musulmin Andalus ya samo shi.

Fitinar 1966 ita ce babbar jarrabawar da ta auka wa wannan jama'a, gama mafi yawansu Ibo ne, wasu aka kashe, saura suka gudu, kujeru suka zama wayam, abin da har yau ba na iya tunawa ba tare da baƙin ciki ba. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970 suka komo sannu a hankali. Amma a ganina muhimmin al'amari shi ne, daga wannan lokaci limaman suka ƙara mai da hankali ga Maguzawan ƙauyukan kudancin Kano, har majami'ar da aka kafa don baƙi ta sami masu ibada da Hausa.

A tsarin shugabancin Katolika kuwa, a 1991 aka cire Kano daga ƙarƙashin Kaduna, a 1999 ta zama cikakkiyar dayosis a hannun Bishop Patrick Sheehan, sa'an nan a 2008 John Namaza Niyiring ya gaje shi, shi ne ɗan Nijeriya na farko a wannan kujera.