Dokar da aka rubuta a Enugu, da wadda ba a rubuta ba

A shekarar 1956 Majalisar Dokokin Jihar Gabas ta zauna a Enugu, lokacin Nnamdi Azikiwe yana firimiya, ta kafa dokar soke al'adar osu. Dokar ta ce daga ranar babu sauran osu a Jihar Gabas, kuma duk wanda ya nuna wa wani wariya a kan haka zai fuskanci tara ko ɗauri.

Osu shi ne mutumin da aka keɓe wa gunki, ko wanda ya gudu wurin gunki neman mafaka. Daga nan shi da zuriyarsa sun zama na gunkin. Sukan zauna kusa da wurin tsafi, ba a ba su sarauta, ba a kuma aurensu. Ba wani littafi da ya tsara wannan. Uwa ce take raɗa wa ɗiyarta, kaka ta gaya wa jika.

To, ina dokar 1956 ta tsaya? A ƙofar aure. Kafin a karɓi sadaki, dangi sukan aika a binciki asalin gidan da za a haɗa jini da shi. In an dawo da labari, ba wanda zai furta kalmar da za ta kai shi kotu. Sai dai a ce an duba, abin bai yiwu ba. Alƙali yana iya hukunta wanda ya zage ka a kasuwa, amma ba shi da ikon tilasta wa uba ya ba ka ɗiyarsa.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne, al'adar ta bi mutane har cikin ikkilisiya. Chinua Achebe ya nuna wannan a littattafansa biyu. A Things Fall Apart na 1958, osu suna cikin waɗanda suka fara shiga majami'a, wasu masu bi suka tashi za su fita, malaminsu ya tsaya a kan a karɓe su. A No Longer at Ease na 1960 kuwa, Obi ya kawo maganar auren Clara, wadda osu ce. Mahaifinsa Isaac, malamin ikkilisiya, wanda ya bar gidan ubansa saboda bishara, shi ne ya ƙi. Ƙagaggen labari ne, amma mun san irin wannan uban. Zai ci Jibin Ubangiji tare da kai kowane wata, surukuta ce ba zai yi da kai ba. Ko Bitrus ma, bayan wahayin da ya gani a Yafa, ya janye daga cin abinci da Al'ummai a Antakiya da mutanen Yakubu suka iso, har Bulus ya tsauta masa a gaban kowa, kamar yadda Galatiyawa sura 2 ta faɗa.

Kada mu ɗauka halin Ibo ne kaɗai. A Japan, gwamnati ta soke wariyar da ake yi wa zuriyar mahauta da majema tun 1871. Amma a 1975 aka gano wani littafi da ake sayar wa kamfanoni a ɓoye, mai ɗauke da sunayen unguwanninsu, don a gane su wajen ɗaukar aiki. A nan Arewa, an soke bauta gaba ɗaya a doka a 1936, duk da haka har yau akwai gidajen da in saurayi ya zo, sai an tambaya ko kakansa ɗa ne ko bawa, ko gidan maƙera ne.

Ranar 28 ga Disamba 2018, sarakunan gargajiya suka taru a Nri, garin da Ibo da yawa suke ɗauka tushen al'adarsu, suka yi bikin soke osu ta hanyar gargajiya. Shekara 62 ke nan bayan dokar Enugu.