Kayan Sarki a Jikin Mai Shi: Zane-zanen Gabriel Bray

Mai nazarin tufafin soja yakan dogara da takardun doka da kuma hotunan manyan hafsoshi. Doka dai umarni ce. Ba ta nuna yadda aka bi ta. Su kuwa hotunan da irin su Joshua Reynolds suka zana, mai hoton ne ke biya, don haka sai ya caɓa ado kafin ya tsaya. Shi ya sa nake ganin zane-zanen Gabriel Bray sun fi su nauyi a matsayin hujja.

Bray laftanar ne a Pallas, jirgin yaƙin Birtaniya da ya nufi gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarshen 1774 ƙarƙashin Kyaftin William Cornwallis. Da fentin ruwa ya riƙa zana mutanen da yake kwana yana tashi da su. Fiye da 70 na waɗannan zane-zane suna gidan tarihin harkokin teku da ke Greenwich a Landan.

Sai a 1748 aka tsara wa hafsoshin ruwan Birtaniya shuɗin kwat mai farin baki. Ƙananan ma'aikatan jirgi ba su sami nasu ba sai 1857. Kafin nan kowa na sa abin da ya zo da shi, ko ya karɓa wurin ma'ajin jirgi a cire a albashinsa. Tsakanin waɗannan biyu akwai sojojin bindiga masu jan kwat, masu gadin ƙofar kyaftin, waɗanda ake dogara da su in bore ya taso. Launin riga kaɗai ya isa ya nuna mai ba da umarni da mai tsaron bayansa.

A nan Bray ya yi fice. Ya zana masu jan kwat ɗin zaune suna cin abinci, ya zana wani barci ya kwashe shi. Rigar da aka ɗinka don kwarjini sai ga ta a jikin ɗan talaka da gajiya ta kama. Kansa ma bai bari ba: ya zana kansa yana gyaran fuska gaban madubi.

Amma kada kyawun aikin ya rufe mana ido. Pallas ya je duba ganuwoyin Ingila ne a gaɓar da cinikin bayi ke ci. Matan Fante da Bray ya zana kitsonsu cikin natsuwa, a ƙasar da yau ake kira Ghana, suna zaune ne kusa da kurkukun da ire-iren wannan jirgi ke ba wa kariya.