KIƊAN DA AKA ƘERA DAGA ƘARAR INJI

Akwai wani kiɗan Turawa da ake kira indastiriyal, wanda ba a yi shi don rawa ko faranta rai ba. Asalinsa Ingila ne, a shekarun 1970, lokacin da masana'antu ke durƙushewa, matasa na zaman kashe wando. Wasu matasa, cikinsu har da waɗanda suka taso daga garin Hull, suka kafa ƙungiyar Throbbing Gristle a 1975, suka buɗe kamfanin faifai mai suna Industrial Records, wanda daga gare shi kiɗan ya samo sunansa. Ƙarar inji, kururuwa, zancen kisa da hauka, su ne kayan aikinsu. A 1980 'yan ƙungiyar Einstürzende Neubauten na Berlin ta Yamma suka ɗora: tarkacen ƙarfe da injin huda bango suka mayar ganguna.

Mutumin Anka ko Bukkuyum ba sai an kwatanta masa wannan ƙara ba. Ita ce ta cika Bagega, Dareta, Abare da 'Yargalma lokacin da aka koma niƙa duwatsun zinariya a cikin gari, har cikin gidaje. Ƙurar dalmar da ke cikin duwatsun ta bi ƙasa, ta bi tukwane, yara suka riƙa suma da jijjiga, kafin likitocin MSF su gano musabbabin a 2010. Yara sama da 400 suka rasu. Bagega kuwa sai 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Turawan can na kukan injinan da suka yi shiru ne. Namu injin bai tsaya ba, kuma da shi ake cin abinci, shi ya sa babu mai zaginsa.

Kiɗan indastiriyal kuwa, Amurkawa ne suka shigar da shi kasuwa. Ƙungiyar Ministry ta Chicago ta cusa masa jita mai tsawa. Sai Trent Reznor, yaron shara a wani ɗakin ɗaukar waƙa a Cleveland, ya kafa ƙungiyar Nine Inch Nails a 1988. Faifansa na 1994, The Downward Spiral, labarin mutum ne da ya yanke ƙauna daga Ubangiji da mutane, yana rusa kansa sannu a hankali. A ganina ya wuce gona da iri da ya zaɓi naɗarsa a gidan da aka yi wa jaruma Sharon Tate kisan gilla a 1969. Amma waƙar ƙarshe, Hurt, babu burga a cikinta. Shi ya sa dattijon mawaƙi Johnny Cash ya sake rera ta a 2002, shekara guda kafin rasuwarsa.

Shi Reznor ƙwaya ta kusa halaka shi, ya daina a 2001. Bayan shekara goma ya ci kyautar Oscar da kiɗan fim ɗin tarihin Facebook.